Sigarin lantarki mai saiti: wanne ya dace da mai son rabuwa da taba a Katsina?

A 'yan shekarun nan sigarin lantarki ya shigo Katsina da ƙarfinsa. Da sai a hannun waɗanda suka dawo daga Abuja ko Dubai ake ganinsa, yau kuwa akwai shagunan kayan waya da ke rataye shi kusa da caja da iyafis. Mu masu gyaran waya a teburinmu yake ƙarewa, domin duk abin da ke da batir da ramin caji, ranar da ya ƙi tashi wurinmu ake nufa da shi. Kuma ba samari ne kaɗai ke kawowa ba. Akwai magidanta da suka shekara ashirin suna ƙone kwalin taba a kullum, tari ya dame su, iyali sun gaji da magana, suna neman hanyar fita. Tambayarsu ɗaya ce: "Malam, cikin masu saitin nan wanne zan saya?"

Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da abin nema a nan, kuma da gaske nake faɗa. Nikotin ɗin da ke cikin ruwan shi ne dai wanda ya ɗaure mai sigari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sha gargaɗi cewa na'urorin nan na da illa, musamman ga yara da matasa. Mai ciki da mai ciwon zuciya ko na huhu su fara da likita. Mai shan taba kuwa lissafinsa daban ne, saboda abin da ya fi cinye shi hayaƙin ganyen da ke ƙonewa ne da kwaltar da ke taruwa a ƙirji, sigarin lantarki kuma ba ya ƙona ganye. A wani bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2019, an raba mutum 886 masu son daina taba gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun rabu da taba, na waɗanda aka ba irin su cingam da filastar nikotin kuwa kusan kashi 10. Sai dai a cikin waɗanda na'urar ta raba da taba, kusan kashi 80 suna nan suna zuƙarta a ƙarshen shekarar. Wannan adadi na biyu shi ya sa nake auna kowace na'ura da tambaya guda: za ta taimaka maka ka riƙa rage nikotin har ka ajiye, ko za ta zame maka sabuwar sana'a?

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, shi ya ƙera irinta ta zamani a 2003, na yau kuwa ga tsarinsu: batir na tura wuta cikin wata siririyar waya da ake kira koyil, koyil ɗin na naɗe da auduga da ta jiƙe da ruwan nikotin, ya yi zafi, ruwan ya zama tururi. Abin da ake saitawa uku ne. Akwai ƙarfin wuta, wato wat. Akwai ƙofar iska. Akwai kuma, a manya, iyakar zafin koyil. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakanike na saita masa kaburetan babur ya san zancen: ka buɗe da yawa ta sha mai, ka matse da yawa ta shaƙe.

Lambar da ke jikin koyil, wadda ake auna ta da om, ita ce mabuɗin komai, kuma ita ce masu saye ba su dubawa. Koyil mai om 0.8 zuwa 1.2 wuta kaɗan yake so, tsakanin wat 10 da 18 ko makamancin haka, zuƙarsa a matse take, a tara a baki sannan a haɗiye, daidai da yadda ake jan karan sigari. Mai om 0.15 ko 0.2 kuwa sai an ba shi wat 60 zuwa 80, ana jansa kai tsaye zuwa huhu, yana fitar da gajimare. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jan sigari, bakinsa da maƙogwaronsa irin na farko suka sani. Da yawa da suka ce sun gwada abin bai karɓe su ba, in ka bincika, na biyun aka sayar masu.

Mu fara da ƙanana, masu kwanson ruwa da ake cewa fod, waɗanda ba su wuce tsawon biro ba. Uku ne sunayensu suka fi yawo: XROS na Vaporesso, Caliburn na Uwell, da Xlim na OXVA. XROS 3 na da batir mai mAh 1000 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) da ɗan maƙunshin iska da ake turawa da yatsa, amma ba ka saita wat da kanka, na'urar ce ke gane fod ɗin da ka sa ta ba shi wutar da ta dace. Ga dattijon da ba ya son latse-latse, wannan alheri ne. Ya cika ruwa, ya jira, ya zuƙa, shi ke nan. Wani abin yabo kuma, fod ɗin XROS na shiga duk 'yan gidansu, tsoho da sabo, don haka ko ka sauya na'ura kayan da ka tara ba su zama asara ba. Xlim Pro shi ma mAh 1000 ne, amma yana da ɗan allo da maballi, kana ɗaga wuta daga wat 5 har 30. Caliburn G3 na tsakiya, mAh 900, wat har 25, shi ma da ɗan allonsa. Wanda ya gabace shi, G2, batirinsa mAh 750 ne, amma koyil kaɗai ake zarewa a sauya, ba fod gaba ɗaya ba, wanda hakan ya fi sauƙi ga aljihu, ya kuma fi ɓata hannu da ruwa.

A cikin ukun nan, in sauƙi zalla kake so, XROS. In kana son ka riƙe ragamar abin a hannunka, Xlim Pro, kuma shi na fi karkata gare shi, ga dalili. Mai rage nikotin, ranar da ya sauka daga ruwa mai ƙarfi zuwa mai sauƙi, zai ji maƙogwaronsa bai ƙoshi ba, a nan ne da yawa ke komawa wurin mai tireda su sayi kara biyu. In na'urarsa na da saiti, sai ya ƙara wat 2 ko 3, ya ɗan matse iska, tururin ya yi ɗumi ya daki maƙogwaro, ya tsallake waɗannan kwanaki masu wuya. Amfanin saiti ke nan na haƙiƙa, ba kwalliyar allo ba. Raunin ƙananan duka ɗaya ne: batirin a manne yake a ciki, ba a cirewa. Ranar da ya gaji, na'urar ta gaji. Mai zuƙa da yawa kuma kafin la'asar zai nemi caja. Sauƙin abin, ramin cajinsu USB-C ne irin na wayoyin yanzu, fawa bank ɗin da kake yawo da shi ya isa.

Matsakaita su ne irin Drag S da Drag X na Voopoo, da Aegis Boost na Geekvape. Drag S batirinsa a ciki yake, mAh 2500, wat har 60. Drag X kuwa batir na cirewa da ake kira 18650 guda ake saka masa, yana kai wat 80. Dukansu koyil ɗin PnP suke ɗauka, wanda ake tura shi ta ƙasa ba tare da murɗawa ba, kuma yana da ire-ire da yawa. Suna da tsarin da ke karanta koyil ya hana ka wuce wutar da zai iya ɗauka, wanda ke ceton sabon shiga daga ƙona auduga. Aegis Boost na farko wat 40 ne da mAh 1500, jikinsa lulluɓe da roba, an yi shi don faɗuwa da ƙura. Matsalata da wannan aji ita ce, ko da an ce suna iya zuƙa iri biyu, an fi gina su don iska mai yawa. Ka matse ƙofar har ƙarshe, har yanzu ba ta kai matsin sigari ba. Wanda yake son girman batir tare da matsattsiyar zuƙa, gara ya nemi irin Coolfire Z50 na Innokin da tankinsa na Zlide, wat 50, mAh 2100, wanda tun asali don masu barin sigari aka tsara shi.

Sai manyan akwatuna masu batir biyu, irin Aegis Legend 2 mai wat 200 da Gen na Vaporesso mai wat 220. A wajen inganci ba a ja da su. Legend 2 na da shaidar IP68, wato ƙura ba ta shiga jikinsa kuma yana jure ruwa, ga maƙulli a gefe da ke hana maballi dannuwa a aljihu. A lura dai, shaidar ta akwatin ce, ba ta tankin gilashin da ke kansa ba. Kan su duka yana da zare iri ɗaya da ake kira 510, saboda haka tankin wani kamfani na hawa akwatin wani. Suna kuma da saitin zafi, wanda ke aiki da koyil na bakin ƙarfe mara tsatsa ko nikel ko titaniyom, ba ya aiki da na kantal da aka fi sayarwa. Duk wannan gaskiya ne, amma ban taɓa ba magidanci mai son barin taba shawarar ya fara da su ba. Suna da nauyi a aljihun kaftani, suna shan ruwa ninkin-ba-ninkin na ƙanana, sai ka sayi batir daban da cajarsa daban, kuma babu mai zuƙa a wat 200. Ga gajimaren da suke tayarwa, a garin da ake kallon mutum da mutuncinsa, ba kowane uba ne zai so a gan shi a ƙofar gida cikin wannan hazo ba. Akwai wani iri kuma da ba shi da allo ko ƙwaƙwalwar kariya ko kaɗan, batir ne da maballi kawai. Wannan ko kyauta aka ba ka, ka mayar.

Amma ba a lambobin kwali gizo ke saƙar ba. Kusan duk na'urorin nan a Shenzhen ake ƙera su, akasari da kasuwar Turai da Amurka a zuciya, mu kuma a Katsina muke, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa.

Zafi na tsinka ruwan. Ruwan sigarin lantarki haɗin abu biyu ne, PG mai tsinkewa da VG mai kauri, tare da nikotin da ƙamshi. Idan na'ura ta yini a aljihu ko a gaban mota cikin rana, ruwan ya saki, sai ya bi ta auduga ya zubo ta ƙofar iska. Waɗanda iskarsu ke shiga ta ƙasa sun fi saurin yoyo. Tankunan da iskarsu ke shiga ta sama, irin Zeus na Geekvape, sun fi riƙewa. A ƙananan fod, abin da na fi gani a teburina shi ne wannan: mutum ya zo ya ce ta mutu, in zare fod ɗin, in haska ramin da tocila, sai ka ga ɗan tafkin ruwa mai danƙo ya kwanta a kan ƙusoshin tagulla biyu da ke kai wa fod ɗin wuta, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ta zama laka, ta toshe ɗan ramin da ke jin zuƙa. Auduga a kan tsinke da ɗigon sifirit, a goge, a bari ta bushe, sai ta tashi. Nakan ce, "Alhaji, ba mutuwa ta yi ba, wanka take so." Wanda zai riƙa goge wurin nan kowane dare da tishu ya tsawaita ran na'urarsa ƙwarai. Saboda wannan ma na fi son mai maballi a kan wadda sai da zuƙa kaɗai take tashi, domin ko ramin ya toshe maballi na aiki.

Ɗan acaba da mai aikin gini da manomi, waɗanda yininsu a cikin ƙura yake kuma abu na faɗo masu daga aljihu, su ne kaɗai zan ce su duba gidan Aegis tun farko. A wurinsu robar nan da murfin ramin caji suna biyan kuɗin sabulu.

Maganar batir kuwa ba ta wasa ba ce. Batir ɗin 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, na kirki daga Samsung, LG, Murata da Molicel yake fitowa, kuma galibin na gaskiya ba su wuce mAh 3500 da 'yan kai ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6000 ko 9900, irin na tocilan kasuwa, ƙarya ce, kuma a na'urar da ke jan wuta mai yawa haɗari ne. Haka wanda aka ɓalle daga tsohon batirin laftof. Ka dubi ledar da ta lulluɓe shi da ɗan zoben da ke kansa; in ta yage ko da kamar ƙwayar gero ce, kada ka saka, domin duk jikin batirin wuta na bi ta cikinsa, ya taɓa ƙarfe sai tartsatsi. Kada a jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli, a sa shi a ɗan akwatinsa na roba. Kada a bar shi a mota a rufe da rana. Fa'idar mai batir na cirewa a wurinmu a fili take: inda wuta ba ta tsayawa, kana da na biyu a caje, kuma in ya tsufa shi kaɗai za ka sauya. Amma fa'ida ce ga mai kula. Wanda ya san kansa da sakaci ya tsaya a mai batir na ciki, ya guji cajin dare a kan katifa, ya kuma guji cajojin arha a kan janareta mai hawa da sauka.

Sai abin da ya fi kowanne yanke hukunci: za ka samu koyil? Koyil yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, ruwa mai zaƙi da yawa kuma ya fi saurin kashe shi. Na'ura komai tsadarta, ba koyil, ƙarfe ce kawai. Kayan nan galibi daga Kano ko Abuja ko Legas suke zuwa, kuma ɗan kasuwa yakan kawo na'ura ya manta da kayanta. Kafin ka biya, ka ce ya nuna maka kwalin koyil ko fod na wannan na'urar a hannu, ba "ana kawowa mako mai zuwa" ba. Na'ura ta biyu a inganci wadda kayanta ke samuwa ta fi ta ɗaya wadda sai ka yi aike. Mutumin da koyil ɗinsa ya ƙone ranar Talata, babu wani sai Asabar, kowa ya san inda zai nufa a tsakani. Ka kuma kankare ɗan tambarin da ke jikin kwali, ka shigar da lambar a shafin kamfanin, domin manyan kamfanonin nan na da wurin tantance na jabu.

Sabon koyil yana da ladabinsa. A ɗiga ruwa a kan audugar da ke leƙowa, a cika, a ajiye minti 5 zuwa 10, sannan a fara da wuta ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ɗagawa a hankali. Duk lokacin da ka ji ɗanɗanon ƙonuwa, tsaya. Ba daɗi kaɗai ya gudu ba, ƙonannar auduga da ruwan da ya yi zafi fiye da kima na fitar da sinadarai masu guba irin su fomaldihaid.

Ruwan kansa dole ya dace da na'urar. Ƙananan fod ruwa mai rabi da rabi na PG da VG suke so. Mai kauri, kashi 70 na VG, na manyan tankuna ne, in ka zuba shi a ƙarami auduga ba ta sha da sauri sai ta ƙone. A Turai da Ingila doka ta tsayar da nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita, amma a kasuwanninmu ana ganin mai 50, wanda ake rubuta wa 5%. Zuba irin wannan a na'ura mai wat 60 na kawo jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji. Manya ruwa mai 3 ko 6 ake ba su. Kuma kada a karɓi ruwan da ba shi da kwali da hatimi, ko wanda wani ya ce ya "haɗa" da kansa. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka, ruwan da aka gauraya da sinadarin wiwi da wani mai na bitamin E ya kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti, 68 suka rasu. Kwalbar kuma a kulle ta inda yaro ba ya kaiwa, domin ƙamshin mangwaro ko alewa take yi, kurɓa kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro.

Masu zuƙa-ka-yar ban sa su a lissafi ba. Ba su da saiti, nikotin ɗinsu ya cika yawa, kuɗinsu a wata ya fi, kuma su ne ke jan yara. Ingila ma ta haramta sayar da su tun 1 ga Yunin 2025.

To, ga magidancin da ke shan kwali ko rabin kwali a rana kuma niyyarsa ya daina, zaɓina ƙaramin fod ne mai saitin wat da iska, irin Xlim Pro ko Caliburn G3, da fod mai om 0.8, da ruwan da bai wuce miligiram 20 ba. In allo da maballi na ba shi haushi, XROS. In aikinsa na ƙura da faɗuwa ne, Aegis Boost da koyil mafi yawan om da zai samu. Babban akwati a bar wa wanda ya riga ya san batir da om. Kowanne aka ɗauka, ranar da aka fara a daina sigari gaba ɗaya, domin haɗa biyun ba ya rage cutar yadda ake zato. Daga nan sai a sa wa kai lokaci: daga 20 a sauka 10, daga 10 zuwa 5 ko 6, sannan 3, kowane mataki a zauna a kansa har jiki ya saba kafin a sake sauka. Mai neman lokacin yanke na ƙarshe ya dubi watan azumi, tunda zuƙar na karya azumi, jiki kuma ya riga ya koyi haƙura da ita daga asuba zuwa magariba.